Wuta a Ƙarƙashin Ƙanƙara: Aman Wuta, Narkewar Ƙanƙara da Sauyin Yanayi a Ayislan da Yankin Aktik

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda duwatsu masu aman wuta da ƙanƙara suke shafar juna a can ƙuryar arewacin duniya, ta kuma ɗauki tsibirin Ayislan a matsayin zakaran gwajin dafi. Hujjar da take son kafawa ita ce, aman wuta bugu ɗaya yake yi ya wuce, ƙanƙara ce take yanke tsawon lokacin da za a ji raɗaɗin bugun da nisan inda zai kai. An bi diddigin aman Laki na 1783, da ambaliyar 1996, da tokar 2010, da raguwar ƙanƙarar teku tun daga 1979, sannan aka taɓo igiyar da ta ɗaure wannan batu da daminar Sahel.

1.0 Gabatarwa

Duk ranar da aka nuna dutse yana aman wuta a talabijin, ba a rasa wanda zai ce wannan hayaƙin kaɗai ya fi na dukkan motocin duniya, don haka a daina ɗora wa ɗan Adam laifin ɗumamar yanayi. Maganar tana da daɗin ji, sai dai lissafi bai goyi bayanta ba. Dukkan duwatsu masu aman wuta, na tudu da na ƙarƙashin teku, ba sa fitar da iskar kabon da ta wuce rabin tan biliyan ɗaya a shekara. Ƙona man fetur da kwal da gas da sarrafa siminti kuwa suna fitar da sama da tan biliyan 35. Tsakaninsu ninki kusan ɗari ne. In ma dutse ya taɓa yanayi, sanyi yake kawowa, kamar yadda Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi a 1991, lokacin da ya watsa kimanin tan miliyan 15 zuwa 20 na iskar farar wuta, zafin duniya ya sauka da kusan rabin digiri na wajen shekara biyu.

To in haka ne, me ya sa za a haɗa wuta da ƙanƙara a maƙala ɗaya? Dalili shi ne a arewa mai nisa ba sa rabuwa, kuma dangantakarsu ta ba-ni-in-ba-ka ce. Wuta tana narkar da ƙanƙara cikin sa'o'i, ƙanƙara kuma tana danne wuta na dubban shekaru.

2.0 Ƙanƙara iri uku

Kafin a yi nisa sai an daidaita kalmomi. A bakin Bahaushe ƙanƙara ita ce wadda take zubowa da ruwan sama ta ragargaza shuka, ko kuma bulon da ake saye da azumi a jefa a zoɓo. Kalma ɗaya ce, amma a nan za ta ɗauki kaya uku. Dusar ƙanƙara ita ce mai saukowa kamar auduga. Idan ta taru shekara bisa shekara ba ta narke ba, ta danne kanta har ta zama dutse, nauyinta ya sa ta fara jan ciki tana gangarowa, wannan ita za a kira ƙanƙarar tudu. Ƙanƙarar teku kuwa ruwan teku ne da kansa ya daskare, yawanci kaurinta mita ɗaya zuwa uku ne, tana yawo a saman ruwa.

Bambancin yana da amfani. Ƙanƙarar da ke cikin kofi in ta narke ba ta sa kofin ya tumbatsa, haka ma ƙanƙarar teku kusan ba ta ƙara wa teku tsayi. Ta tudu ce take ƙarawa, domin sabon ruwa ne daga waje. Wadda ke kan Girinlan kaɗai, da za ta narke duka, teku zai ɗaga da sama da mita 7.

3.0 Tsibirin da ke kan tsaga

Ayislan tana zaune ne a kan tsagar da ta raba farantin ƙasa na Amurka ta Arewa da na Turai da Asiya, kuma farantan biyu suna nesanta da juna da kimanin santimita 2 a shekara. Ƙari a kan haka, akwai wani ginshiƙin zafi da ke tasowa daga cikin ƙasa daidai ƙarƙashin tsibirin. Shi ya sa ƙasar take da rukunin duwatsu masu rai kusan 30. Kashi 10 cikin 100 na faɗinta ƙanƙarar tudu ce ta rufe, mafi girma ita ce Vatnajökull, mai faɗin kilomita murabba'i kusan 7,700, wadda kaurinta a wasu wurare ya doshi mita 950. Abin da ya sa wurin ya zama abin nazari shi ne duwatsun da suka fi yawan aman wuta, irin su Grímsvötn da Bárðarbunga, a ƙarƙashin wannan ƙanƙara suke kwance. Katla ma haka, a ƙarƙashin Mýrdalsjökull.

4.0 Idan wuta ta tashi a ƙarƙashin ƙanƙara

Da daren 30 ga Satumba 1996 ƙasa ta tsage a ƙarƙashin Vatnajökull, a wurin da daga baya aka sa wa suna Gjálp. Cikin kwana ɗaya da 'yan sa'o'i wutar ta huda ƙanƙara mai kaurin sama da mita 500 ta fito sarari. Aman ya tsaya bayan mako biyu, amma ruwan da ya narkar, kimanin kilomita kubik 3, bai fito ba. Ya gangara ya taru a tafkin Grímsvötn da ke ƙarƙashin ƙanƙara. Masana sun san zai ɓalle, ranar ce ba su sani ba. 'Yan jarida suka yi sansani a bakin fili suna jira, har da yawansu suka gaji suka koma gida. Sai da safiyar 5 ga Nuwamba ruwan ya ɗaga ƙanƙarar ya kutsa ta ƙarƙashinta. Kafin dare ya raba yana kwarara da kimanin mita kubik 45,000 a daƙiƙa, wato ya kamo Kogin Kwango, yana ɗauke da ɓaraguzan ƙanƙara masu girman ɗaki, wasu nauyinsu ya kai tan 1,000. Ya share gadar Gígjukvísl gaba ɗaya, ya yanke wani sashe na gadar Skeiðará. Ba a rasa rai ko ɗaya ba, saboda an rufe hanya tun kafin ruwan ya iso. Har yau akwai wasu ƙarafan gadar a gefen titi kusa da Skaftafell, a murɗe kamar an matse wanki, matafiya na tsayawa suna ɗaukar hoto.

Mutanen ƙasar suna da sunan wannan irin ambaliya, jökulhlaup, ma'ana gudun ƙanƙara, kuma masana a duk duniya sun ari kalmar yadda take. Ta 1996 ƙarama ce in aka kwatanta da ta Katla a Oktoban 1918, wadda aka ƙiyasta ta ninka ta sau biyar ko fiye, kuma yashin da ta kwaso ya tura gaɓar teku gaba da 'yan kilomitoci.

Ƙarshen labarin gadar Skeiðará shi ya fi ba ni mamaki. An buɗe ta a 1974, tsawonta kusan mita 900, ita ce ta kammala titin da ya zagaye ƙasar. An gyara ta bayan ambaliya. Amma a 2009 ƙanƙarar da ke ciyar da kogin ta ja da baya har ruwan ya sauya hanya ya bi yamma, aka bar doguwar gada a kan busasshen yashi, sai ɗan rafi. A 2017 aka maye gurbinta da wata 'yar gajeruwa. Abin da wuta da ambaliya suka kasa yi mata, janyewar ƙanƙara a hankali ta yi.

Aman Eyjafjallajökull na Afrilun 2010 kowa ya ji labarinsa, don haka ba sai an daɗe a kansa ba. A ma'aunin duwatsu matsakaici ne. Abin da ya ba shi suna shi ne narkakken dutse ya haɗu da ruwan ƙanƙara ya tarwatse ya zama toka mai laushi da kaifin gilashi, iska kuma ta nufi Turai da ita. Cikin kusan mako guda aka soke tashin jirage sama da 100,000, fasinjoji wajen miliyan 10 suka maƙale, manoman furanni a Kenya suka zubar da kayan da suka rasa jirgin ɗauka.

5.0 Ƙanƙara a matsayin murfi

A nan ne batun ya juyo. Duwatsun da ke can cikin ƙasa, zurfin kilomita 50 zuwa 100, suna da zafin da ya isa ya narkar da su, nauyin abin da ke kansu ne ya hana. Da zarar an rage nauyin sai wani kaso ya narke. Wanda ya taɓa buɗe kwalbar lemo ya ga kumfa ta taso ya fahimci rabin bayanin: ba a ƙara komai a kwalbar ba, murfi kawai aka cire.

Tarihin ƙasa ya nuna an taɓa cire murfin. A zamanin ƙanƙara na ƙarshe Ayislan tana ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin da ya kai kilomita ɗaya zuwa biyu. Da ta narke, kimanin shekara 12,000 da suka wuce, yawan narkakken dutsen da ke fitowa ya ninka na yanzu sau 30 ko fiye, ya ɗauki sama da shekara dubu kafin ya lafa. Masana biyu, Jull da McKenzie, ne suka yi lissafin da ya bayyana hakan a 1996, kuma manyan shimfiɗun narkakken dutse na arewacin ƙasar sun gaskata su.

Yanzu ana sake ɗaga murfin, ko da yake ƙaraminsa ne. Daga 1890 zuwa 2019 ƙanƙarar tudu ta Ayislan ta rasa faɗin kilomita murabba'i sama da 2,000, kusan kashi 18 cikin 100. Tafkin Jökulsárlón, wanda yau shi ne mafi zurfi a ƙasar, babu shi kafin shekarun 1930, ƙanƙara ce a wurin. Okjökull, wadda ta kai kilomita murabba'i 16 a ƙarshen ƙarni na 19, ta tsuke har masanin ƙanƙara Oddur Sigurðsson ya cire ta daga lissafi a 2014, domin ta daina motsi, kuma ƙanƙarar da ba ta motsi ba a kiranta ƙanƙarar tudu. A watan Agustan 2019 aka hau dutsen aka kafa mata allon tunawa, har da firaministar ƙasar ta lokacin, Katrín Jakobsdóttir. Ƙasa kuwa, da ta ji an sauke mata kaya, sai ta fara miƙewa. Wani bincike na Jami'ar Arizona a 2015, wanda ya yi amfani da tashoshin awo 62, ya gano wasu wurare a tsakiyar ƙasar suna ɗagawa da milimita 35 a shekara. A garin masunta na Höfn abin ya zama matsalar yau da kullum: duniya na kukan teku yana hawa, su kuwa mashigar tasharsu ce take ƙara zama marar zurfi ga manyan jiragen kamun kifi.

Wasu masana biyu, Pagli da Sigmundsson, sun ƙiyasta a 2008 cewa ramewar Vatnajökull tana samar da ƙarin narkakken dutse kimanin kilomita kubik 0.014 a shekara. Adadin ba ƙarami ba ne in ya taru shekara ɗari. Sai dai a nan ya kamata a ja linzami. Narkewa a can zurfi daban, fitowa sarari daban, kuma tafiyar tana iya ɗaukar ƙarnuka. Wani nazari da Graeme Swindles ya jagoranta a Jami'ar Leeds, a kan tokar da ta kwanta cikin fadamun arewacin Turai, ya samu ratar kimanin shekara 600 tsakanin sauyin yanayi da sauyin yawan aman wuta a zamanin da. Saboda haka kuskure ne a jingina kowane sabon aman wuta ga ɗumamar yanayi. Wutar da ta farka a zirin Reykjanes a Maris 2021 bayan barcin kusan shekara 800, wadda ta tilasta kwashe mutanen garin Grindavík a Nuwamba 2023, babu ƙanƙarar tudu a kanta ko kusa da ita. Wannan aikin tsagar ƙasa ne tsantsa.

6.0 Laki, da abin da ƙanƙarar teku take riƙewa

Ranar 8 ga Yunin 1783 wata tsaga da ake kira Laki ta buɗe a kudancin Ayislan, ta yi ta tsawo har ta kai kilomita 27, ta yi wata takwas tana zubar da wuta. Narkakken dutsen da ya fito ya kai kilomita kubik 14, iskar farar wuta kuma tan miliyan 120. Wutar kanta ba ta kashe mutane ba. Guba ce ta sauka a kan ciyawa, dabbobi suka ci, haƙoransu suka lalace, ƙasusuwansu suka yi ƙullutu har suka kasa tsayuwa. Kusan kashi 80 cikin 100 na tumaki suka mutu, da rabin shanu da rabin dawaki. Yunwar da ta biyo baya ta ɗauke kimanin kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar. Limamin cocin yankin, Jón Steingrímsson, ya rubuta abin da ya gani da idonsa, kuma rubutunsa na cikin manyan shaidun da masana suke dogara da su. A Turai wani busasshen hazo ya rufe sama duk bazarar, irin hazon hunturu da ke mayar da rana jan faifai, amma mai warin ashana da shaƙe ƙirji. Sanyin da ya biyo ya yi tsanani, har Benjamin Franklin, wanda yake Faransa a lokacin, ya yi hasashen cewa hazon ne sanadi kuma mai yiwuwa daga Ayislan ya taso.

Duk da wannan girma, cikin shekara biyu zuwa uku sama ta washe. Ɗigon farar wuta ba ya daɗewa a sararin sama, yana saukowa. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, in tasirin aman wuta gajere ne haka, me ya riƙe arewacin duniya cikin sanyi na ƙarnuka, daga wajen 1300 zuwa tsakiyar ƙarni na 19, zamanin da ake kira Ƙaramin Zamanin Ƙanƙara?

Gifford Miller na Jami'ar Colorado da abokan aikinsa sun kawo wata amsa a 2012, daga wurin da ba a zata ba. A tsibirin Baffin na Kanada, ƙanƙarar da ke janyewa tana tona wasu ƙananan tsirrai masu kama da gansakuka, matattu amma a tsaye da saiwarsu, yadda ƙanƙara ta binne su. Da aka auna shekarun mutuwarsu sai aka ga sun taru a tsakanin 1275 da 1300, sai wani rukunin tsakanin 1430 da 1455. Rukunin farko ya zo daidai da jerin manyan aman wuta a yankin zafi, cikinsu har da na Samalas a tsibirin Lombok na Indonesiya a 1257. Bayaninsu shi ne, bugu a jere ya sa ƙanƙarar teku ta yaɗu. Farar ƙanƙara mai dusa a kai tana mayar da kashi 80 cikin 100 na hasken rana ko fiye, buɗaɗɗen teku kuwa ƙasa da kashi 10 yake mayarwa. Ƙanƙarar ta gangaro ta gabashin Girinlan ta narke a arewacin Atlantika, ruwan daɗinta ya raunana igiyar ruwan ɗumi da ke hawa arewa, raunin ya sa ƙanƙara ta ƙara samun wurin zama. Toka ta sauka, sanyi ya zauna. Akwai masu ganin teku na iya yin wannan juyi da kansa ba tare da dutse ya tunzura shi ba, kuma muhawarar tana nan. Amma ɓangarorin biyu sun yarda ƙanƙarar teku tana da hannu wajen riƙe sanyin. A cikin wannan zamani ne aka daina jin ɗuriyar Turawan arewa da suka zauna a Girinlan. Rubutaccen labari na ƙarshe daga gare su na wani ɗaurin aure ne a Hvalsey a 1408.

Wannan injin ɗin ne yau yake juyawa ta baya. Tun da tauraron ɗan Adam ya fara awo a 1979, faɗin ƙanƙarar tekun Aktik a watan Satumba yana raguwa da kimanin kashi 12 cikin 100 duk shekara goma. A shekarun 1980 ana samun wajen kilomita murabba'i miliyan 7, a Satumbar 2012 ya faɗo zuwa miliyan 3.4. Wani nazarin masanan Finlan a 2022 ya nuna yankin yana ɗumama da saurin da ya kusa ninka na sauran duniya sau huɗu. Dattawan arewacin Ayislan suna tuna shekarun 1965 zuwa 1971, lokacin da ƙanƙara ta toshe tasoshin jirage, sanyi ya ƙone gonakin ciyawa. Jikokinsu ba kasafai suke ganinta daga gaɓa ba. A ganina ma'anar wannan ita ce, babban aman wuta na gaba zai sanyaya duniya kamar yadda aka saba, amma zai tarar da ƙanƙarar da za ta riƙe masa sanyin ta yi ƙaranci, kuma iskar kabon da ke sama tana nan daram bayan tokarsa ta sauka.

7.0 Inda igiyar ta taɓo Sahel

Damina a Afirka ta Yamma tana bin zafi. Layin ruwan sama yana hawa arewa ne gwargwadon yadda rabin duniya na arewa ya fi na kudu ɗumi. Duk abin da ya sanyaya arewa ita kaɗai zai tura layin kudu, mu da ke bakin iyakarsa mu ne farkon waɗanda za su rasa. Luke Oman da abokan aikinsa a Jami'ar Rutgers sun nuna a 2006 cewa hazon Laki ya raunana daminar Afirka da ta Indiya. Tarihi ya yi daidai da lissafinsu: Kogin Nilu bai cika ba a 1783 da 1784, yunwa ta faɗa wa Masar, har matafiyin nan Bafaranshe, Volney, ya ƙiyasta ƙasar ta rasa kashi ɗaya cikin shida na mutanenta.

Na kusa da gida shi ne binciken Jim Haywood da abokansa a hukumar yanayi ta Birtaniya a 2013. Sun lura cewa uku daga cikin damuna huɗu mafi bushewa a Sahel tsakanin 1900 da 2010 sun biyo bayan manyan aman wuta a rabin duniya na arewa. Novarupta na Alaska, mafi girma a ƙarni na 20, ya fashe a Yunin 1912. Daminar 1913 ta gaza, ita ce ta haifi yunwar da kakanninmu suka kira Kakalaba. El Chichón na Meziko ya fashe a 1982, farin 1983 da 1984 ya biyo. Ba a cewa dutse ne kaɗai ya jawo su. A 1982 akwai ɗumamar tekun Fasifik da ake kira El Niño, a 1913 kuma akwai harajin Turawa da ya tarar da rumbuna ba kauri. Fari daga sama yake zuwa, yunwa kuwa da hannun mutane a ciki. Amma daidaituwar ta wuce a kira ta katari.

Abin da ya sa wannan ya wuce labarin tarihi shi ne shawarar da wasu masana ke tattaunawa ta kwaikwayon dutse da gangan, wato a riƙa fesa farar wuta a sararin sama don rage zafi, wasu ma sun ce a yi feshin a kan Aktik domin ceto ƙanƙarar teku. Lissafin Haywood ya gwada hakan. Idan aka yi feshin a arewa kaɗai, Sahel za ta bushe. Idan a kudu kaɗai aka yi, Sahel za ta yi kore, amma layin ruwan da ya hau mana arewa wani ne ya rasa shi, kuma arewa maso gabashin Brazil na cikin masu asarar. Ke nan wurin da jirgin feshi zai tashi, da kusurwar da zai nufa, magana ce da ta shafi geron Maraɗi da dawar Katsina, kuma har yanzu babu wata yarjejeniyar duniya da ta fayyace wa za a tambaya kafin ya tashi.